Namijin Salwa Mai Yi wa Maigida Kirari

A wani gari can da daɗewa, an yi wani mutum mai son yabo, yana kiwon salwa a bayan gida. Duk sanda namijin salwar ya yi cara, sai mutumin ya gyara hula ya ce, "Kun ji ko? Kirari yake mini!"

Ya lura idan aka raba namijin da matansa, carar takan ƙaru. Sai ya sa shi a keji shi kaɗai, ya rataye a zaure don baƙi su ji. Tsuntsu na ta cara, maigida na ta gyara hula.

Matan salwa suka yi ƙwai, uwargida ta sa wa kaza ta kwanta a kai, duk suka zama baragurbi.

Uwargida ta ce, "Maigida, ba kai tsuntsun nan yake kira ba, matansa yake nema."

Ya ce, "Hassada ce kawai! Buɗe kejin, a gaban baƙi zai hau kafaɗata."

Aka buɗe. Tsuntsu ya bi ta tsakanin ƙafafun maigida, ya nufi bayan gida da gudu, cara ta ɗauke. Maigida ya kai hannu zai gyara hula, sai ya ɓuge da sosa ƙeya.