Mai Gishiri da Dawakan Kruzi

Ranar da Belkisa ta fara ganin Vahid, faɗa ta yi masa.

Da safe ne, a kan titin da ya haura tudun Borova Glava. Dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, dawakan jeji sun sauko daga tudun Kruzi sun tsaya tsakiyar kwalta, kawunansu a ƙasa, suna lasar gishirin da ake watsawa don kada titi ya daskare. Belkisa ta ratse da tsohuwar motar mahaifinta, ta kunna fitilun gargaɗi, tana korarsu da gyale. Sai ga motar gishirin kanta ta iso, da garmar share ƙanƙara a gabanta.

Direban, Vahid, ya sauko. Dogon saurayi ne mai hular ulu, kunnuwansa sun yi ja don sanyi.

"Kai ne kake zuba musu guba?" in ji Belkisa.

"Gishiri ne, baiwar Allah."

"A kan kwalta guba ne. Tirela za ta biyo kwanar nan ba ta gan su ba."

"In ban zuba ba, bas ɗin 'yan makaranta za ta biyo kwanar nan ta kasa tsayawa."

Bai jira amsarta ba. Ya koma ya gicciye motarsa ta tare hanya, ya dawo yana ɗaga hannaye yana cewa "kur, kur" kamar mai korar kaji. Wata goɗiya ta dube shi sau ɗaya ta ci gaba da lasa.

"Matsa daga bayanta, in ba so kake ka bar haƙoranka a nan ba," in ji Belkisa. Ta yi ƙoƙarin kada ta yi dariya, ba ta iya ba.

Da suka gama kora, ya miƙo mata wayarsa. "Ni nake fara bin hanyar nan kullum. Sa min lambarki. In na gan su, in gaya miki."

Ta sa. Ta ajiye tasa da suna Mai Gishiri.

Kowa a garin Livno ya san asalin dawakan nan. Da tarakta ta shigo ƙauyuka, manoma suka saki dawakansu a Kruzi, suka hayayyafa ba mai su. Sakib, mahaifin Belkisa, yana yaro ya ja goɗiyar gidansu mai suna Lasta ya kai ta can da hannunsa, bisa umarnin ubansa. Tun daga lokacin bai daina hawa ba. Duk bazara yakan kai musu dunƙulen gishiri wani tsohon kwami na dutse, ya yi musu fito iri ɗaya, su zo. Jikokin Lasta duk da farin tambari a goshi suke, yana gane su daga nesa. Amma da sanyi ya kama, ƙanƙara takan rufe hanyar kwamin, gishiri ya ƙare, sai dawakan su sauko titi.

Saƙon farko ya shigo washegari. "Dawakanki suna kwana ta biyu. Na ce musu kur, sun ƙi."

Ta rubuta: "Ba nawa ba ne. Na Allah ne. Ina zuwa."

"To, Sarauniya."

Daga saƙon dawakai aka koma saƙon ko ta karya kumallo. Ya fara biyowa ta kantin magungunan dabbobi inda take aiki, da burek, naɗin fulawa da nama, mai zafi a takarda, yana cewa an ba shi fiye da cikinsa. Ta fara kai masa gahawa a filas idan ta san ya fita tun asuba. Wata rana ya tambaye ta me ya sa take wahala a kan dabbobin da ba su san sunanta ba.

"Kai mutanen da ke bin titinka sun san sunanka?"

Sai ya ce, "Kawuna yana so ya zo ya gaida Amija Sakib." Amija, wato baffa, yake kiran mahaifinta don girmamawa.

"Gaisuwa kawai?"

"Gaisuwa mai tsawo."

Kafin kawun ya zo, wata babbar mota ta kaɗe ɗan duƙushi a gindin kwanar. Yana da farin tambari a goshi. Sakib ya je ya gani, kuma a wurin da motoci ke ratsewa su tsaya, daf da inda abin ya faru, ya tarar da gishiri an tula shi tsibi guda, kofatai sun tattake kewayensa. Ya dawo gida bai cire takalmi ba ya tsaya a bakin ƙofa.

"Mai gishirin nan ragowar lodinsa yake juyewa a bakin titi don kada ya koma da shi," ya ce. "Mutumin nan ba zai sha gahawa a gidana ba."

"Babo, ba ka tambaye shi ba."

"Na tambayi ƙasa, ta ba ni amsa."

Belkisa ta sami Vahid a garejin aikinsu yana wanke mota.

"Kai ka tula gishiri a wurin tsayawa?"

"A'a."

"To wa?"

"Ban sani ba, Belki."

"Shi ke nan. Ka yi min abu ɗaya. In ka zo kwanar nan, ka kashe injin watsawar. Ɗan guntun wuri ne. Babo zai gani, zai sauko."

Ya ajiye tiyon ruwan. "Ba zan kashe ba."

"Ko don ni?"

"Ko don ke. Kwanar nan ce ta fi kowace daskarewa."

Ta juya ta fita. Ba ta yi kuka ba sai da ta shiga mota.

Ta daina amsa saƙonsa, shi kuwa bai daina turowa ba. "Suna ƙasan kwana, guda shida." "Yau babu." "Goɗiya mai tambari tana ɗingishi, ƙafar hagu ta gaba." Babu Sarauniya, babu tambayar kumallo. Tana karantawa, ta ɗauki mota ta tafi. Sau da yawa takan tarar ya riga ya kafa alamun gargaɗi ya wuce.

A cikin wannan shirun Almir ya kunno kai. Ɗan maƙwabcinsu ne da ya dawo daga Jamus da motocin jif, yana kai baƙi kallon dawakai. Ya iya gaisuwa, ya iya sa tufafi, kuma mahaifiyarsa ta daɗe tana yaba girkin Belkisa da ba ta taɓa ci ba. Ranar Lahadi ya zo da kwalin alewa, ya zauna a kujerar baƙi. Belkisa ta kawo gahawar maraba ta koma bakin murhu.

"Amija, ni da kai aikinmu ɗaya," in ji Almir. "Dawakan nan ina ji da su. Ba na son yabon kai, amma duk sanyin nan ni nake ba su gishiri."

Sakib ya ɗago kai. "A ina?"

"A wurin tsayawa, ƙasan kwana. Buhu guda nake juyewa. Ka ga sun huta hawa, baƙina ma sun huta. Daga cikin mota suke ɗaukar hoto, dawakan har leƙo taga suke yi."

Almir ya kurɓi gahawarsa yana jiran a sa masa albarka.

A gidajenmu gahawa uku ake ba baƙo: ta maraba, ta hira, sai ta sallama, wadda kowa ya san ma'anarta. Sakib ya dubi 'yarsa.

"Belkisa, kawo wa baƙonmu ta sallama."

"Babo, bai gama ta farko ba."

"Zai haɗa su."

Bayan Almir ya tafi, Sakib ya daɗe yana kallon taga. Bai ce ya yi kuskure ba. Ba a taɓa jin ya faɗi haka ba, ba kuma ranar zai fara ba. Cewa ya yi, "Tambayi mai gishirin nan, ko garmarsa za ta iya hawa zuwa kwami."

Ta rubuta: "Babo yana tambaya ko motarka za ta hau Kruzi."

Amsa ta zo nan take. "Tun ranar duƙushin na nemi izini wurin shugabana. Ya ba ni motar ranar hutuna. Na rasa wanda dawakan za su bi ne."

Ta karanta sau biyu. Sannan ta rubuta: "Ka karya kumallo?"

"Yanzu zan iya, Sarauniya."

Ranar Asabar suka haɗu a gindin tsohuwar hanyar, su uku a gaban mota, Belkisa a tsakiya, dunƙulen gishiri a baya. Rana ta fito, iska ta lafa. Garma ta shiga ƙanƙara tana ture ta gefe, motar tana hawa a hankali. Mazan biyu kowa ya kafa ido a gilashi.

Can Sakib ya ce, "Yaro, in na ce ka bar aikin nan in ba ka ita?"



"Ba zan bari ba, Amija," in ji Vahid, idonsa a kan hanya. "'Ya'yan yayata suna cikin bas ɗin nan. Ko ba su ciki, na wani suna ciki."

"Kana da taurin kai."

"An ce kai ma."

"Wa ya ce?"

"Duk Livno."

Sakib ya yi wani sauti a maƙogwaro. Belkisa ta san wannan sautin. Dariya ce da ba a bari ta fito ba.

Suka share hanya har kwamin, suka sauke gishirin, suka dawo ƙasa. Saura babban aikin. Garken yana can kusa da titi, sun saba da gishirin kwalta, kuma ba su taɓa jin fiton Sakib da sanyi ba. In suka ƙi bi, an share hanya a banza.

Sakib ya zuba gishiri a bokitin ƙarfe, ya taka zuwa bakin hanyar shi kaɗai. Ya girgiza bokitin. Ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito, dogo ɗaya da gajeru biyu.

Ba abin da ya motsa. Ya sake.

Babbar goɗiyar, mai tambari, ta ɗaga kai. Ta dubi titi, ta dubi tsohon. Sannan ta tako, tana ɗan ɗingisawa, ta shiga hanyar da aka share. Sauran suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya, tururi na fita daga hancinsu. Sakib ya juya ya kama hawa a ƙafa, bai waiwaya ba, garke na binsa. Belkisa da Vahid suna can baya, suna tare masu son ratsewa.

"Kur," in ji Vahid a hankali.

"Kada ka kunyata ni gaban Babo."

A kwami, dawakan suka kewaye dunƙulen. Sakib ya zauna kan dutse yana mayar da numfashi. Ya kira Vahid, ya zuba masa gishiri a tafin hannu.

"Buɗe hannun sosai. Kada ka naɗe yatsu."

Goɗiyar ta matso, ta shinshina hular ulun, ta lashe tafin tas.

"Ba ta taɓa lasar hannun kowa ba sai nawa," in ji Sakib. Ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa. "Ka ce wa kawunka ya zo Juma'a. Akwai gahawa."

"Wacce daga ciki, Amija?"

"Za mu fara da ta farko mu gani."

An ɗaura auren da bazara, lokacin da Kruzi ta yi kore kuma sababbin duƙusai suna bin iyayensu. Masallacin unguwa ya cika. Direbobin gareji sun zo da fararen riguna, sun jera motocinsu a waje an wanke su. Liman ya dubi amarya ya tambaye ta sadakin da take so a rubuta.

"Gishiri," in ji Belkisa. "Na dabbobi. Duk shekara kafin ƙanƙara ta fara, ya cika kwamin Kruzi. In ta rufe hanya, ya buɗe."

Liman ya sauke tabarau. "Har yaushe?"

"Har iya ransa."

"Ango, ka ji. Wannan ya fi zinariya nauyi. Ka karɓa?"

"Na karɓa," in ji Vahid.

Aka yi addu'a, aka shafa. Sakib ya riƙe hannun surukinsa ya daɗe bai saki ba. "Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Ya tsare na kan titi, ya tsare na kan tudu." Daga nan ya juya wurin tsofaffin da ke bayansa, ya nuna Vahid da haɓa. "Wannan, na ce ya bar aikinsa in ba shi 'yata, ya ce a'a. A gabana."

Da sanyi ya dawo, ranar da ƙanƙara ta fara kwanciya, wayar Belkisa ta yi ƙara tana cikin dafa gahawa.

"Na watsa gishiri har kwana ta ƙarshe. Titi babu kowa. Suna sama, Sarauniya."

Ta miƙa wa mahaifinta wayar. Ya nisanta ta da idonsa ya karanta, ya mayar mata.

"Ki ce masa ya biyo ta nan," ya ce. "Gahawa na hucewa."