Jamaniyam Ba Ya Son Jifa

"Kowa ya kwanta, ban da ke mai farar riga," in ji Janar, yana nuna ta da bindiga.

Ƙarfe ɗaya na rana ne, masu gadin masana'antar sun tafi cin abinci. Su uku suka hau benen: Janar, ƙanensa Siriri, da Guduma, tsohon maƙeri. Shekara tara suna kwasar wayar tagulla. Aiki biyu na baya sun ɓaci, har aka gindaya wa Janar sharaɗi: in wannan ma ya ɓaci, jagoranci ya koma hannun Siriri. Siririn da ya yi wa wanka yana yaro.

Mai farar rigar injiniya ce. Ta buɗe akwatin da suka zo sata ba gardama. Faifai goma sha biyu, kowanne kwance cikin soso, launin toka, suna sheƙi kamar madubi.

"Jamaniyam ɗin ke nan?" in ji Janar.

"Shi ne. Idon kyamara ne mai ganin zafin jiki. Ana sa shi a wayar intanet ta gilashi, da faifan sola na tauraron ɗan'adam. Don Allah ku bi shi a hankali, yana da..."

"Malama, mu za ki koya wa ƙarfe?" in ji Guduma.

Guduma yana da ƙa'ida: ba ya ɗaukar ƙarfen da bai ji muryarsa ba. Ya ɗora faifai ɗaya a kan tebur, ya ɗaga guduma. Tas!

"Jabu ne, Oga."

Ya jawo na biyu. Tas!

"Wannan ma."

"Duk haka za su yi, tamkar gilashi yake," in ji injiniyar, hannunta a ka.

Janar ya ƙwace gudumar. Ya watsar da soson, don ba soso ya zo sata ba, ya sa Siriri ya juye sauran cikin buhu. Saura tsarinsu na kullum: a jefa buhu ta taga zuwa bayan motarsu da ke ƙasa, a sauka hannu a sake.

"Yaya, ba ka ji ta ce..."

"Har ka fara jagorancin?"

Ya jefa. Daga ƙasa aka jiyo ƙara — irin ta tiren kofuna in ya kuɓuce wa amarya.

Sai jiniya! Ashe wani ma'aikaci da ke kwance ya danna ƙararrawa da ɗan yatsan ƙafa. Suka kwasa a guje — matakala cike da 'yan sanda, lif a kashe — suka faɗa wani ɗaki a ƙarshen baranda. Ƙofar ƙarfe, taga ɗaya baƙa wuluk. Janar ya sa sakata, ya kashe fitila.

"Nan ko aljani ba zai gan mu ba," ya raɗa musu.

A waje, injiniyar ta ja Sufeton 'yan sanda zuwa gaban wani allo.

"Ɗakin gwaji suka shiga. Tagar ta jamaniyam ce. Ido ba ya ratsa ta, amma zafi yana wucewa."

Ta kunna kyamara. Mutum uku suka bayyana jajur, a tsugune. Sufeto ya jawo kujera ya zauna, ya kalla na ɗan lokaci, sannan ya ɗauki lasifika.

"Kai mai tumbi, daina yi wa ƙofa gwalo."

Janar ya mayar da harshensa a hankali.

"Kai kuma na hagu, mene ne wannan abu zagayayye mai sanyi a bayan wandonka?"

Janar ya juya wajen Siriri, wanda ke hagu.

"Wane abu?" in ji Janar.

"Yaya, ajiye mana na yi."

"Mana."

"Wallahi da zan gaya maka."

Janar ya kai naushi cikin duhu — ya sami bakin Guduma. Guduma ya rama a iska, ya ture Siriri. Siriri ya tafi da baya, ya zauna daɓas.

Tas!

Da kansu suka zare sakatar.

Faifai biyu a bakin guduma, tara a buhu, ɗaya a wando. Haƙoran Guduma biyu. Ɗinki goma sha ɗaya a mazaunin Siriri. Shekara bakwai-bakwai a gidan yari.

Amma sharaɗi sharaɗi ne. A bayan motar 'yan sanda Janar ya miƙa jagoranci, bai ko ɗaga kai ba. Siriri ya karɓa a kwance, rub da ciki.