Tsohon da Aka Murje wa Ido

Gab da magariba manaja ya miƙa wa Muttaka, direban wani kamfanin ajiyar kayan tarihi a Sana'iyya, unguwar masana'antu a wata ƙasar Larabawa, faffaɗan akwati, ya ce ya kai wa mai gyaran zane a unguwar Mesaimeer. Muttaka ya fi kowa sanin dalilin wannan aike.

Abin da ke cikin akwatin zane ne na wani gwanin Italiya na ƙarni na sha takwas, irin wanda ake karta da allura a farantin tagulla, a shafa tawada, a buga a takarda. Nana Maryamu ce bisa jaki rungume da jariri, mala'iku na shawagi cikin gajimare, wani tsoho yana jan igiyar jakin, fuskarsa na duban mai kallo.

Ran Talata Muttaka ya shiga ɗakin ajiya yin la'asar, ya tarar an jingine zanen ta alƙibla. Shi ba ya salla hoto na kallonsa. Maimakon ya yafa masa ƙyalle, sai ya sa babban yatsa da danshin alwala ya murje idanun tsohon, yadda yake yi wa kalanda a gida. Takardar ta saluɓe.

Laifi ya faɗa kan Mudasiru, mai shirya kaya. Yau kafil, Balaraben da ke riƙe da bizarsa, ya ce khalas, an gama, jirgin gobe zai bi ya koma gida.

A bakin ƙofa Mudasiru ya tare motar. "Yaya Muttaka, kai shaida ne, ban taɓa ɗaukar zane ba sai da safar hannu. Ka faɗa musu mana."

"Sai haƙuri," in ji Muttaka. Bai ɗago kai ba.

Ya ja motar ya bi ta bayan rumbunan kaya, inda ba kowa. Warin baƙin mai ya ɗauke. Wani wari ya taso daga bayan motar, na tsohuwar tawada da jiƙaƙƙiyar takarda.

Sai ƙarar allura a kan ƙarfe. Ƙir. Ƙir.

Ya kashe rediyo. Yanzu takun kofato ne, a hankali, a cikin motar. Jariri ya yi ɗan kuka, aka rarrashe shi.

Numfashi mai sanyi ya sauka a ƙeyarsa.

"Bawan Allah," wata murya ta raɗa, "ina hanya?"

Ya dubi madubi. Gemu na siraran layuka. Inda ido ya kamata, farar takarda.

"Da mace da jariri nake tafe. Kai ka rufe mini ido. Ina hanya?"

Wani busasshen yatsa ya danne masa idon dama, ya murza.

Ya taka birki, ya faɗo waje, ya sheƙa a guje yana Ayatul Kursiyyu a hargitse. Masu gadin wani gareji suka tsince shi a sume.

Sai azahar ɗin washegari ya farfaɗo a asibiti, yana kiran a nemo manaja ya faɗa masa gaskiya. Aka ce ai jirgin Mudasiru ya tashi tun hantsi.

Likitoci ba su ga ciwo a idon ba. Amma har yau akwai farin tabo daidai faɗin yatsa a duk abin da ya duba. Ya bar tuƙi. In an kira salla, ko a ɗakinsa ne, sai ya tsaya da darduma a hannu yana juyawa, har wani ya zo wucewa.

"Bawan Allah," yakan ce a hankali, "ina alƙibla?"