Faifan Yazid na Huɗu

Yazid ɗan Barakatu, mai ɗaukar bidiyon biki a nan Daura, yana da wani akwatin kwamfuta mai faifai huɗu, inda yake tara bukukuwan mutane. Da wayonsa na 'yan boko ya kai shi ɗakin da ya haɗa bango da masai, wai can ya fi sanyi.

Ran nan kwamfuta ta ce faifai uku take gani. Na huɗun kuwa shi ke ɗauke da bikin ƙanwarsa Siddiƙa, ga mijinta zai zo karɓa da safe daga Mai'adua. Wuta ba ta zo ba sai bayan isha'i. Ya sauya wayar faifan, ya kashe ya kunna, uku dai. Sai wani ƙarni ya taso, irin na jini da ruwan zafi.

"Sannu da aiki, maigida."

Wata tsohuwa ce tsugune bayan ƙofa da jiƙaƙƙen ganyen darbejiya a hannu. Ruwa na ɗiga, amma ƙasa a bushe.

"Iya, ta ina kika shigo?"

"Mu da muke nan tun ba a haƙa masan ba? Daina jijjiga mana ɗaki."

Bai ji ba, ya zaro faifan na huɗu. Zafi zau, ga yauƙi, ga gashi ya nannaɗe shi. Can cikin faifan ya ji kukan jariri.

Tsohuwa ta miƙo hannu. "Mayar, ɗan nan. Jego muke, sai mun yi arba'in."