Hannun Gidan Gide

"Rahila, dube ni nan. Ke kika ba shi makullin?"

Baba Ɗanlahadi ne ke tambayar, mahaifinta. Da a ɗaki ne ma da sauƙi. A bakin ƙofar ɗakin addu'a yake tsaye bisa Dutsen Maryamu, gaban dattawa da matan zumunta da duk mai ƙafar hawa dutse.

Ta saci kallon Tanimu, saurayinta. Yana tsaye tsakanin maza biyu kamar wanda aka kama da akuyar mutane, tafin hannunshi jawur da makubar da ya yaɓe bangon ɗakin da ita.

"A'a, Baba..."

"Ɗaga murya."

"Ban ba shi ba."

Tanimu ya dube ta. Bai ɗaure fuska ba, bai harare ta ba, ɗan murmushi ma ya yi, shi ne kuma abin da ya fi yi mata ciwo.

"Gaskiya ta faɗa, Baba. Ni na ɗauke shi a zaurenku inda ake rataye shi. Ba ta sani ba."

"Sata ke nan," in ji wani dattijo.

Alheri, ɗiyar ƙanen Baba Ɗanlahadi, ta turo kai gaba tana gyara ɗankwali. Ita ta kai gulmar. Shekara guda tana aika wa Tanimu da dambu yana maido kwano bai taɓa ba, yau ta samu ranar ramuwa.

"Ai ba satar ce abin tsoro ba, Baba. Jikan mai tsafi ne fa. Wa ya san abin da ya binne cikin bangon nan?"

Nan take aka yanke magana. Za a bari a gama ziyarar shekara ranar Lahadi, Litinin a sa gatari a kankare yaɓen nashi kaf. Shi kuwa kada ƙafarshi ta ƙara taka dutsen.

"Zancen auren da kuke ta damuna da shi kuma," in ji Baba Ɗanlahadi, "ka gaya wa ubanka ya mutu."

Rahila na tsaye ƙiƙam har aka watse.

Ɗan ɗakin addu'ar nan ba wani babban gini ba ne. Ginin ƙasa ne da rufin kwano, mutum talatin sun cika shi maƙil, yana bisa wani dutse a bayan garin Ruwan Godiya. Amma duk watan Mayu jama'a na zuwa da ƙafa daga Tafoki da Ƙanƙara da Sabuwa, carbi a hannu, suna waƙar Uwa Maryamu har su hau. Maƙwabtanmu Musulmi su jera randunan ruwa a gindin dutse don baƙi. Kakan Rahila, marigayi Audi, shi ake cewa ya gina shi, don haka makulli yana gidansu. Akwai kuma wata doka da kowa ya tashi ya tarar: hannun gidan Gide ba ya taɓa bangon nan, don Gide shi ne mai tsafin dutsen a da, har ya mutu bai karɓi baftisma ba. 'Ya'yanshi da jikokinshi duk Kirista ne yanzu, amma a baya suke zama.

Bana bangon bayan bagadi, teburin da ake ibada a kai, ya tsage daga sama har ƙasa, ana hango rana ta ciki. Maginan Faskari suka ce ba su biyo hanyar nan saboda 'yan bindiga. Ga hadari ya fara haɗuwa. Magini ɗaya tal ya rage a unguwar, shi ne Tanimu, jikan Gide.

Rahila ce ta roƙe shi ya gyara. Ita ta kai mashi makullin ranar da gari ya tafi kasuwa, har da ƙwallarta.

Da yammar ranar da aka yanke maganar ta same shi gindin ɗorawa yana wanke kayan aiki. Ta durƙusa nesa da shi.

"Tanimu..."

"Tashi, Rahilata, zaninki zai ɓaci."

"Ka zage ni, don Allah. Ko ka mare ni."

"In mare ki in samu me?"

"Tsoro ne ya kama ni. Idon Baba na gani, sai na ji bakina ya faɗa tun ban yi shawara ba."

"Na gani."

"An kira ka ɓarawo saboda ni..."

Ya daɗe yana goga cokalin yaɓe da tsumma.

"Ɓarawon bai dame ni ba, masoyiya. An kira gidanmu da abin da ya fi haka. Abin da ya tsaya mani a wuya, na ɗauka in duniya duka ta tura ni baya, ke za ki tsaya inda na tsaya."

Hawaye suka ɓalle mata.

"Litinin zan wuce Sabuwa wurin kawuna," ya ce. "Ba zan iya tsayawa ina jin ƙarar gatari bisa aikina ba."

Kwana uku Rahila ba ta ci abin kirki ba. Ta ɗauki carbi ta ajiye, don da ta ce Maryamu sai ta ji kunya ta rufe ta. Zakaran gida in ya yi cara da safe, gabanta ya faɗi, ta tuna Bitrus, almajirin da ya yi musun sanin Yesu kafin zakara ya yi cara. Ga shi ita aka ɗora wa babban aikin bana. Al'adar ziyara ce, kafin Fada, limamin coci, ya fara ibadar Misa sai wani daga gidan Audi ya tashi ya ba baƙi tarihin wurin da baki. Kakarta Iya Mairo ke yi shekara da shekaru, yanzu numfashi ya gaza mata.

Ranar Asabar tsohuwar ta zaunar da ita bakin murhu.

"Faɗa mu ji, ɗiyata."

Rahila ta fara yadda ta hardace. Fada Bature ya zo bisa keke, ruwa ya tare shi, ya kwana gidan Audi. Shekarar nan baƙon dauro ya shigo gari ya kama ɗan Audi, sai Audi ya yi alkawari in ɗanshi ya tashi zai gina wa Uwa Maryamu ɗaki. Yaro ya tashi, Audi ya gina da hannunshi...

Iya Mairo ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Audi? Allah ya jiƙan mijina, ko akurki bai iya ginawa ba. Ƙasa dai ya kwaɓa. Gide ya yi ginin, shi ya ba da dutsen ma. Cewa ya yi abokinshi ya yi alkawari, ba zai bari ya ji kunya ba."

"To me ya sa ba a faɗa, Iya?"

"A da ina faɗa. Da Gide ya mutu aka binne shi irin na gargajiya, sai maza suka ce abin kunya ne gaban baƙi, suka kafa dokar nan. Na bari bana, na bari baɗi, har kuka tashi ba ku sani ba."

Ta ƙura wa jikarta ido.

"Ke kuma kin rame, kuma ba tarihi ne ya ramar da ke ba. Na tsufa, amma na ga wanda ya zare makulli a zaure ran kasuwa."

Rahila ta kifa kai a cinyarta tana kuka.

Lahadi dutse ya cika, duk da tsoron hanya. Wasu sun zo da rakiyar 'yan sa-kai. Rahila ta tsaya bisa dakalin ƙofa. Can ƙasa, gindin dutse wurin randuna, ta hango Tanimu shi kaɗai da jakar kayan aikinshi.

Ta kawo zancen keke, ta kawo baƙon dauro, ta kawo alkawari. Sai ta tsaya.

"Wanda ya gina ɗakin nan sunanshi Gide. Mai tsafin dutsen nan ne, abokin kakana. Shi ya ba da wurin, shi ya ɗora kowane tubali."

Wuri ya ɗauki guna-guni.

"Rahila!" Baba Ɗanlahadi ya miƙe.

"Ka yi haƙuri, Baba, saura kaɗan. Bangon da ya tsage, jikanshi Tanimu ya gyara. Ni na roƙe shi, ni na kai mashi makulli da hannuna. Da aka tambaye ni na yi ƙarya a bakin ƙofar nan, na bari aka kira shi ɓarawo. Ba ɓarawo ba ne... ni ce maƙaryaciya."

Alheri ta taɓe baki. "To, ga inda soyayya ke kai marar kunya."

Fada ya ce a miƙe a fara Misa.

Ranar Baba Ɗanlahadi bai ce wa ɗiyarshi uffan ba. Tuwon da ta kai mashi ma haka aka ɗauko shi.

Litinin da hantsi maza suka hau da gatura, don an riga an yanke. Sai suka tarar an riga su. Iya Mairo ta sa an ɗauko ta, tana zaune a tabarma ta jingina bayanta da sabon yaɓen. Tanimu na gefe, ita ta aika aka tare shi a hanyar tasha.

"Iya, matsa," in ji Baba Ɗanlahadi.

"In hannun gidan Gide za ku cire, Ɗanlahadi, ku fara daga tushe, duka nashi ne. Yaron da aka yi alkawarin dominshi kuwa, ga shi nan tsaye da gatari. Gide ya goya ka ya hau da kai nan ranar da aka buɗe."

Baba Ɗanlahadi ya daɗe yana kallon bangon. Ya shafa tsohon yaɓen, ya shafa sabon. Rahila na raɓe bayan mata tana kallo. Daga baya mahaifin nata ya jingine gatarin, ya zagaya ta arewa, ya dawo fuska a murtuke.

"Kai, Tanimu. Kusurwar can ma ta fara zaizayewa. Ka zo da kayan aiki?"

"Suna nan, Baba."

Aka tara ƙasa da makuba. Tanimu ya naɗe wando ya shiga tsakiya, saura ruwa. To a wurinmu mace ba ta zuba wa namiji ruwan kwaɓi sai mijinta, ko wanda aka ba ta. Matan duka suka tsaya cirko-cirko da tuluna, kowa na kallon 'yar'uwarta.

Baba Ɗanlahadi bai dubi ɗiyarshi ba, gefe ya kalla.

"Ke kuma me kike jira? Ƙasa na bushewa."

Rahila ta ɗauki tulu. Ta matso ta karkata shi, ruwa na zuba bisa ƙafafunshi, hawayenta na bin ruwan.

"Ka yafe mani, abin ƙaunata..."

Yana taka ƙasa, bai ɗago ba. Ya yi ƙasa da murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Na yafe. Amma ban gama jin haushinki ba fa."

"Na sani."

"Zai ɗan daɗe."

"Ina nan har ya wuce."

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta, idonshi ya yi ja.

"To ƙaro ruwa, Rahilata."