Motar da Ke Sallama

Auta na tsaye bayan labule, riƙe da farantin shayi, lokacin da Baba ya ce wa saurayinta ya tashi ya ba shi wuri.

Bakin saurayin ne ya ja masa. Mai Batir, kamar yadda 'yan gareji ke kiransa, mutum ne mai kunya, amma da an taɓo zancen motar lantarki sai kunyar ta kama gabanta. Ya zo neman izini, maimakon ya sunkuyar da kai, sai ya ɓige da labarin motar da yake hasashen za ta fito nan gaba, mai arahar da ko malamin firamare zai iya saya. Wai ba za ta yi dogon hanci ba tunda babu inji, batirin zai kwanta ƙarƙashin ƙafafu, a jona ta a gida kamar waya. Ba baƙin mai, ba filogi, ba salansa. Duk wannan a gaban bakaniken da ya yi furfura a ƙarƙashin mota, Baba kuwa ya daure ya haɗiye.

Sai Mai Batir ya ƙara da cewa abin da ya fi burge shi, ba ta da ƙara ko kaɗan, za ta wuce ka ba ka sani ba.

Baba ya ɗago ya dube shi.

"Ka san wadda kake nema kuwa?" Baba ya tambaya a hankali. "Da kunne take tsallaka titi. Kai kuma burinka a cika gari da abin da ba za ta ji ba... Tashi ka je."

Auta ba ta taɓa gani ba tun haihuwarta. Da ƙara ta san motocin duniya, musamman tsohuwar motar Baba, wadda sai ta yi tari ta ja numfashi sannan take kama gurnani. Tana ƙarama, tun daga kwana take jiyo ta, ta ruga ƙofa. Yanzu motar na yashe bayan gareji, kuma ko da can ba ta tashi a hannun kowa sai Baba. Yayanta ya gwada har ya haƙura.

Maganar ta yi mata ciwo, don gaskiya ce. Ta sha zama tana sauraron mafarkin motar nan har tsigar jikinta na tashi, ashe ba a sa da ita a ciki ba. Mai Batir ya kira ta ƙi ɗauka, daga baya kiran ma ya ɗauke. Goggo kuwa abin nema ya samu, kullum tana gidan tana tallar ɗanta mai motar jif, tana rantsuwa cewa yaron garejin nan ya yi gaba.

Wata ranar da la'asar Yaya ya ce ta raka shi. Warin ruwan batir ne ya faɗa mata inda aka kawo ta, ta juya za ta fita.

"Hasken raina... minti ɗaya," in ji Mai Batir. "Miƙo hannunki."

Abu ya ɗora mata mai girman bulo, na katako, sumul. Yatsunta suka bi gajeren hanci, suka hau rufi mai santsi inda ya ce faifan sola zai zauna, suka sauko kan ƙofa mai faɗi da ke zamewa gefe don kada ta buge mai shiga. Ciki shimfiɗe yake babu tudu. Kowane maɓalli da siffarsa, na taga daban, na iska daban, yadda hannu zai gane ba sai ido ba. Har da ɗan gurbi kusa da kujera, daidai sandarta in an naɗe.

Sau nawa ya ba ta labarin motar nan, amma sai yau ta gan ta.

"Na yi kuskure," ya ce. "Na zana mota na manta da masu tafiya a ƙasa. Danna nan."

Ta danna.

Motar ta yi tari. Ta ja numfashi. Sannan ta kama gurnani, ƙasa-ƙasa, irin wanda ake jiyowa tun daga kwana.

Mai Batir ya fara bayani cewa duk sanda motar ke tafiya a hankali haka za ta riƙa sanar da zuwanta, amma ita hankalinta ba ya nan.

"Wannan ai motar Baba ce," ta ce da ƙyar. "Wa ya tayar maka da ita ka ɗauki ƙarar? Ba ta tashi a hannun kowa sai..."

Gyaran murya ta ji daga bayanta, tare da ƙamshin sabulun da ya kasa cire baƙin mai daga hannu ɗaya tilo a duniya.

"Ya hana ni sakat," in ji Baba, yana ƙoƙarin ɓata rai. "Kullum yana tsugune ƙofar gareji kamar kazar da ruwa ya daka. Har yanzu bayana ciwo yake saboda tayar da motar nan." Ya juya wajen Mai Batir. "Ni dai mota ba inji ban yarda da ita ba. Amma tunda ta koyi sallama... ka turo manyanka."

Hawaye suka zubo wa Auta, masu ɗumi, na farin cikin da ba ta san inda za ta sa shi ba. Ta rungume motar katakon a ƙirji, yatsanta ya laluba maɓallin, ta sake dannawa.