Kiɗan da Ba Shi da Mai Shi

Ranar wata Laraba ce a shekarar 1976, na ɗauko matata Rakiya a amalanke daga gidan likita na Dantchiao, za mu koma Yekuwa. Wata biyu ke nan da rasuwar jaririnmu, barci ya ƙaurace mata. Abu ɗaya ke kwantar mata da hankali: wani kaset da Nasaran da na yi wa aikin haƙar rijiya ya bar mini tare da rediyonsa. Kiɗan fiyano ne zalla, babu waƙa, yana sauka a hankali kamar ɗigar ruwa daga indararo. Ni dai ban ga abin so a kiɗan da ba ya kiran sunan kowa ba, amma ita in ta ji shi sai numfashinta ya daidaita.

Almuru ya riske mu kusa da wata tsohuwar tsamiya. Kowa ya san ba a kiɗa a wannan lokaci, ni ma na sani.

"Laminu, kunna mini," in ji Rakiya.

"Ki bari mu wuce itacen nan."

"Don Allah."

Tausayinta ya kama ni, na kunna.

Takarkarin da ke jan amalanken ya tsaya cak. Tsuntsaye suka yi tsit. Wani wari ya taso, irin na rijiyar da aka daɗe da rufewa. Sai na ji bayan amalanken ya nutsa, alamar wani ya hau.

Na waiga. Wata tsohuwa ce lulluɓe da baƙin zane, ta kara kunnenta a jikin rediyon.

"Ɗana," ta ce cikin raɗa, "wannan taken wa ne?"

A wurinmu kowane kiɗa da mai shi. Maƙera da nasu, mahauta da nasu, manoma ma haka. Da na ce nawa ne, da wataƙila ta sauka. Amma gaskiya na faɗa.

"Ba na kowa ba ne, Inna."

"To na samu," in ji ta. "Saura mai yi mini waƙa."

Na danna maɓallin kashewa. Kiɗan bai tsaya ba. Na zare pil ɗin, wato baturan rediyon, duka huɗu, suka zube a ƙasa. Kiɗan bai tsaya ba.

Rakiya ta buɗe baki, ta fara rera waƙar da take yi wa jaririnmu.

Na so in toshe mata baki, hannuna ya ƙi ɗaguwa. Na nemi ayar da zan karanta, harshena ya yi nauyi.

Ina kallo. Muryar tana sirancewa, tsohuwar tana gyaɗa kai.

Can daga wata rugga aka kira sallar magariba. Takarkarin ya zabura. Da na sake waigawa, babu kowa sai Rakiya, leɓɓanta na motsi, babu sauti.

Tun daga ranar ba ta ƙara furta kalma ba. Barci kam tana yi. Mun je Magaria, mun je Damagaram, likitoci suka ce maƙogwaronta lafiya lau.

Da na sa sabon pil na kunna kaset ɗin, sai ga muryarta a ciki, tana bin fiyanon tiryan-tiryan. Malam Alkasim, limaminmu, ya saurara sau ɗaya ya ce in ƙona shi a ranar.

Sau uku ina hura wuta, sau uku ina mayar da shi aljihu. In na ƙona shi, a ina zan ƙara jin muryar matata?